Gwafar da Baba Ya Sara a Bayan Gubi

Ana idar da sallar asuba muka fito daga unguwarmu Gwallaga, ni da Baba da bindigarsa naɗe cikin buhu. Mutanen wani ƙauye can bayan Gubi ne suka aiko masa: wani ƙaton gyado ya addabe su, ya tone rogo da gyaɗa, har ya farke wa wani manomi cinya. Baba tsohon maharbi ne, duk yankin an san shi. Amma bara sau biyu harbinsa yana kuskurewa, abin da ba a taɓa ji ba, ya ce mana hannunsa ne ya fara rawa. Ya kuma rantse in ya sake kuskure, shi da bindiga har abada.

Ni kuwa sarkin dabara, na ce rawar hannu ai tana da magani. Na ga wasu ƙafafun ƙarfe biyu a waya, ana maƙala su a bakin bindiga ta zauna daram a ƙasa. Na yi odarsu daga ƙasar waje. Abin da na kashe, ko matata ban faɗa wa ba.

Kuɗin da mai keke ya yanka mana zuwa tasha sai da Baba ya tambaye shi ko Kano zai kai mu. Masar bakin tasha ma ta ƙanƙance, loma ɗaya ba ta cika baki. Mota ta bi da mu ta wajen jami'a, ɗalibai suka sauka, kwalta ta ƙare, muka hau babura. A shingen jami'an tsaro Baba ya zaro takarda da gadara ya miƙa, ashe ta kuɗin wuta ce ba ta bindiga ba. Har da ni a masu dariya, Allah ya yafe mini. Sai da na lalubo ta bindigar a aljihunsa suka bar mu muka wuce.

Mai gari ya tarbe mu da fura mai sanyi, wani tsohon abokin farautar Baba ya ɗauko tasa bindigar ya raka mu gona. Nan na fito da ƙafafun ƙarfen nan ina taƙama. Sai a lokacin na gane sai mutum ya kwanta ruf da ciki yake amfani da su. Na kwanta in gwada, ban ga komai ba sai ciyawar damina da tururuwa.

"Ɗan nan, gyado za ka harba ko gara?" in ji abokin Baba.

Baba ya ce shi in ya kwanta haka, sai ƙarti huɗu sun ɗaga shi. Ya karɓi adda ya shiga neman gwafa, wato reshe mai baki biyu da ake ɗora bindiga a kai. Yana shafa rassa da hannu yana yarwa: wannan ɗanye ne zai lanƙwashe, wancan bakinsa ya yi faɗi. Ya sari na marke, ya auna shi daidai ƙirjinsa, ya naɗe bakin da tsumma don kada ƙarfe ya yi ƙara. Ina kallo ina cewa kai, ƙwarewa ta kai mutum ya zaɓi itace ba tare da ya duba ba.

Bayan la'asar gyadon ya fito. Subhanallahi! Ban taɓa ganin haure irin nasa ba, kuma tsakaninmu bai fi taku talatin ba. Baba ya ɗora bindiga a gwafa, ko motsi ba ta yi. Hannun nan da ake cewa yana rawa, ƙyam yake. Na toshe kunne ina jira, shiru.

Can ya matso da bakinsa kunnena ya ce, "Yana ina?"

Na ɗauka wasa yake. Da na bi bakin bindigar da ido, wani suri ta nufa, can hagu da dabbar. Na juyo na dubi idanun mahaifina kusa da kusa, abin da na daɗe ban yi ba. Wata farar yana ce ta rufe su duka biyun. 

Abokinsa ne ya harba, gyadon ya faɗi. Mutanen gari suka sheƙo suna yi wa Baba kirari. Abokin ya bar masa yabon. Baba ya ɗaga hannu ya ce, "Ku daina. Ba ni ba ne, ban ma gan shi ba." Ya naɗe bindigar a buhu ya damƙa wa abokinsa ajiya.

Da magariba muka iso gida. Gobe zan kai shi asibitin ido. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, gida ɗaya muke kwana, kullum ina gaishe shi kaina a kan waya, na iya nemo wa bindigarsa ƙafa daga wata ƙasa amma ban iya duban fuskarsa ba. Jama'a, ku riƙa kallon iyayenku da kyau.

Da muka sauka daga keke, Baba bai yar da gwafar ba. Ita ya sa a gaba yana laluben bakin kwatar ƙofar gidanmu, kwatar da yake tsallakewa tun kafin a haife ni.