Damina Ukun da Malam Haladu Ya Ara

Kai mai karatu, ka taɓa tsayawa ka kalli ƙafar mutum a daidai lokacin da zai zabura? Ba gudun nake nufi ba, takun farko kawai. Ba ka taɓa ba. Ni ma ban taɓa ba sai da wani ya koya min, ga shi mun rufe shi da ƙasa. Daga Allah muka zo, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Laraba, tara ga Afrilu, 2025, Allah Ya karɓi ran Malam Haladu Maikasuwa, tsohon malamin motsa jiki a nan Kazaure, bayan hawan jini ya kayar da shi a ƙofar gidansa. Bayan la'asar muka kai shi makwancinsa.

Malam, da kai zan yi magana, don kai kaɗai ne ba ka taɓa katse ni ba.

A rumfata ta cajin waya muka saba. Kullum wayarka a mace take zuwa, na ɗauka fina-finai ke cinye ta. Ashe ƙwallon Amurka kake kallo, mai siffar ƙwai ɗin nan da ake runguma a ruga da ita, ƙarti da hular kwano suna ta karo. Na ce maka wannan ai kokawa ce aka sa wa riga. Ka yi dariya, ka jawo benci. Ka nuna min mai jefa ƙwallo, da katangar ƙarti da ke kare shi, da waɗanda aikinsu shi ne su fasa katangar ko su zagaye ta, su kayar da mai jifa kafin ƙwallo ta bar hannunsa. Su ka raɗa wa suna mafarauta. Duk Afrilu manyan kulob na can suke zaɓar 'yan wasa daga jami'o'i, bi da bi. Kai kuma tun da sauran watanni kake zama kana tantance mafarautan ɗaya bayan ɗaya, kamar za a bugo daga Amurka a nemi shawararka. Ba wanda ya taɓa bugowa.

Ka hana ni ruɗuwa da faɗin ƙirji ko yawan waɗanda mutum ya kayar. Ka ce in kalli takun farko, sannan in ga ko ƙugunsa na lanƙwasawa idan zai sha kwana, kafaɗa ta kusa shafar ƙasa amma bai faɗi ba. Abin da ka fi so kuwa shi ne ka ga yadda yaro zai yi idan dabararsa ta farko ta ƙi ci. Can kake gane mai zuciya. Sai ka yi ta maimaita ɗan guntun bidiyo har batir ya mutu, ka miƙo min wayar ba kunya.

Ba kullum kake dacewa ba. Akwai wani dogo da ka rantse cewa da shi za a buɗe zaɓe, aka gama ko sunansa ba a kira ba. Mun daɗe muna tsokanarka, kana cewa gwiwarsa ce ta ci amanarka. Amma ni da na bar makaranta a aji biyu na sakandare, rahotannin Turancin da kake sa ni karanta maka da ƙarfi su suka zama makarantata. Ina tuntuɓe a kan kalma, kana jira. Ko sau ɗaya ba ka yi min dariya ba.

Sai ga Ukasha. A wata ruga bayan garin Gwiwa ka gan shi, ranar rigakafin shanu. Wani bijimi ya ƙi kamuwa, saurayin ya zabura, ya sunkuya ƙarƙashin ƙaho, ya zagaye shi kafaɗa na shafar ƙasa, ya zarga masa igiya a ƙafar baya. Ka dawo rumfa, ka ce, "Musaddiƙ, yau na ga mafarauci da idona, ba a waya ba."

Ka nemi a ba ka shi ka horar da shi, mahaifinsa, Baffa Hamma, ya ƙi. Ya ce wa zai bi shanun? Ka yi ta komawa, kana cire takalmi daga nesa, kana durƙusawa, da furfurarka da komai. Daga ƙarshe dattijon ya ce, "Malam, na ba ka aron damina uku. Idan ta ukun ta sauka, ɗana ya dawo bayan shanu." Ka amsa da to. Ka sauke Ukasha a soron gidanka, ka sama masa gurbin karatu a kwaleji. Inna Mairo, matarka, ta yanka soson tsohuwar katifa ta ɗinka masa matashin kafaɗa. Mutane suna wucewa suna kallonku a gindin dutse, ka zana da'ira a ƙasa, ka ajiye hularka, yana zagayawa a guje yana ɗauke ta bai miƙe ba. Wasu suka ce ritaya ce ta taɓa maka kai.

Bana dama ta zo. Masu wani sansanin gwaji a Legas, da ke neman ƙarti don wannan wasa, suka ba shiyyarmu gurbi huɗu ta hannun kwamitin wasanni da Alhaji Lauwali ke shugabanta. Ranar tantancewa muka je fili, me za mu gani? Ƙwallon ƙafa, zagayayya, da raga, da mai tsaron gida. Wai wanda ya fi iya ɗaga ta da ƙafa da bugun fenariti shi zai tafi. Ka matsa wajen Alhaji a hankali ka ce, "Ranka ya daɗe, wannan wasan da hannu da kafaɗa ake yinsa." Ya ce ƙwallo ai ƙwallo ce, kada ka koya musu aikinsu. Ukasha ya buga, ƙwallo ta haye katanga, fili ya kwashe da dariya, wani yana kwaikwayon kukan shanu. Ni na zagi shugaban a gaban jama'a. Kai ka kama hannuna ka kai ni na ba shi haƙuri, ka ce sa'an ubana ne. Har yau ban yafe wa kaina wannan haƙurin ba.

Suka tura sirara huɗu, gwanayen yanka a ƙwallon ƙafa. A ranar farko aka ɗora su a sikeli, aka tambaye su wa ya turo su, aka sallamo su. Abu ɗaya ka roƙa bayan haka: Alhaji ya buga wa masu sansanin waya, ya ce an yi kuskure, ya nemi a duba yaro ɗaya kafin a rufe. Ka yi ta zarya ofishinsa a tsakiyar zafin nan, kullum ya fita. Aka rufe. Kafin sansanin ya sake zagayowa, shekarun Ukasha sun wuce ƙa'ida.

Ban ce su suka kashe ka ba, ajali na Allah ne. Amma na ga yadda ka daina kawo waya caji.

Ukasha ne a gaban makararka, ya ƙi yarda a karɓe shi har maƙabarta. Baffa Hamma ya zo gaisuwa, bai ta da zancen alkawari ba, don ruwan farko na damina ta ukun ma bai sauka ba. Ukasha ne da kansa, bayan sadakar uku, ya ninke matashin kafaɗar ya mayar wa Inna Mairo. Na tare shi a tasha na ce ya dakata, ko Allah zai kawo wata hanya. Ya ce, "Musaddiƙ, in na zabura yanzu wa zai kalla?" Ya hau babur bayan mahaifinsa.

Nan da mako biyu za a yi zaɓen bana a can. Bencinka na nan a rumfa, ni kuwa ba zan kunna ba.

Allah Ya jiƙanka, Malam. Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa haƙurin da ka yi da mu ya zama nauyi a mizaninka. Inna Mairo, da 'ya'yan Malam, Zaharadeen da Lailatu, Allah Ya ba ku dangana. Baffa Hamma, mun gode da aro, ka yafe mana yadda muka mayar.

Saura kai, Alhaji Lauwali. Na gan ka a sahun gaba wajen jana'iza. Ba na neman ka a ofis, na san ka fita. Ka zo filin nan da aka yi wa Ukasha dariya, ka tsaya gaban mutanen da suka yi ta, ka faɗa da bakinka: wa ya sa aka kawo zagayayyar ƙwallo ranar nan, kuma me ya hana ka ɗaga waya sau ɗaya tun Malam yana da rai?