Abin da babban yatsa ya rufe

Jiya a wani kanti a unguwar Belleville na ga gyale da inji ya buga wa fure, sai na tuna da tsohuwar nan 'yar Biyetnam, maƙwabciyar shagona na ɗinki. Irin furenta ne sak. Surfani take yi da siliki, gaba da baya iri ɗaya, ba ka ganin ƙulli. Takan tsaga zare da farce, ta jiƙa shi da leɓe, shayinta na hucewa a gefe.

Wata rana jikarta ta zo daga birnin Lyon da samari biyu da kyamara, wai za su adana sana'ar a intanet. Samarin ba su kwanta mini ba. Na ce, "Mama, yau su ɗauka, gobe inji ya buga, ke ko sannu."

Ta ci gaba da surfaninta. Amma da suka kunna kyamara, duk inda za ta ɓoye ƙulli sai ta rufe da babban yatsa.

Bayan rasuwarta jikar ta kawo mini bidiyon. "Malam, kai tela ne. Me take yi a nan?"

Na duba, na sake dubawa. Yatsa kawai na gani.

Samarin dai har yau ina zarginsu. Allah ya sa a danginta akwai wanda ya taɓa leƙa ƙarƙashin yatsan nan.