Kwanon Ƙofar Direba

Har yau, ƙarfe bakwai na safe, Mai Guga yana bin ƙofofin gidanmu ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa, kuma ba ya gusawa sai ya ji murya daga ciki. Sababbin 'yan haya suna tsaki, wai tsohon ya fara zarewa. Ni kam ba na tsaki. Na san mafarin bugun nan, kuma da hannuna dumu-dumu a ciki.

Gidan haya ne, ɗaki goma sha biyu, famfo ɗaya, faɗa kullum. Mai Guga ya fi kowa daɗewa. Shekara ashirin yana tsaye a ƙofar gida gaban teburinsa mai gajerar ƙafa ɗaya, wadda ya tokare da bulo. Ba shi da yawan magana, amma ta tufafinmu ya san sirrin kowa: wanda ya rame, wanda ya yi teɓa, wanda aka sallama daga aiki yake ɓoyewa. In na kai masa kayan makarantar yarana sai ya ɗaga wando ya ce, "Maman 'yan biyu, waɗannan yara ne ko injin niƙa?"

Da annoba ta shigo gari, da matarsa ta fara a gidanmu. Motar asibiti ta tafi da ita, ba a bar shi ya bi ba, ko gawarta bai gani ba. Aka hana fita, sana'a ta tsaya, don wa zai goge riga ya zauna da ita a ɗaki? Muka ce baƙin ciki zai kwantar da shi. Ina! Sai ya jawo tukunyar marigayiya ya hau girki, mutumin da ko ruwan shayi bai taɓa ɗorawa ba. Shinkafarsa ta farko, wallahi, da ita za a iya liƙa takarda a bango. A hankali hannunsa ya faɗa, yana dafa wa waɗanda ciwon ya kayar da waɗanda ba su da kowa.

Tunda ba a shiga ɗakin mara lafiya, sai ya yi tsari. Zai ajiye kwano a bakin ƙofa da safe, ya buga sau ɗaya, ya ja baya. In ya dawo da yamma ya tarar an cinye, mai ɗakin yana nan da ransa. In abinci yana nan, a kira asibiti.

Ɗakin da ke jikin nawa na wani tsohon direban babbar mota ne, ba mata, ba ɗa, daga shi sai rediyo sai tari. Wata Talata da rana tsaka na fito shanya, na ga kwanonsa ba a taɓa ba. Maigidana dokar hana fita ta rutsa da shi a wani gari, ni kuma ranar ko ashana ban ƙyasta ba, 'yan biyu sun yi kuka har murya ta dushe. Na ce a raina, ai barci tsohon yake yi, abinci zai lalace a banza. Na ɗauke, na juye musu, na wanke kwanon tas, na mayar. Laraba ma haka, Alhamis ma haka. Rediyonsa yana ta surutu ta bango, na riƙe wannan na ce lafiyarsa ƙalau. Ban tambayi kaina ina tarin ya shiga ba. Kai, ƙarya nake yi, na tambaya, na danne.

Ranar Juma'a batirin rediyon ya ƙare, shirun ya yi yawa, aka ɓalle ƙofa. A ƙasa aka same shi, daf da bakin ƙofar. Ma'aikatan lafiya suka ce bai fi kwana ɗaya da cikawa ba. Wato kwana biyu yana kwance da ransa, taku ɗaya daga inda nake durƙusawa ina ɗauke masa abinci.

Shekara uku ina haɗiye maganar, tana cina. Ina kallon Mai Guga yana ramewa, ina ganin alhakina ne yake ɗauke da shi bai sani ba. Rannan dai na gaji, na same shi yana yayyafa wa wata farar riga ruwa.

Na ce, "Baba, kwanon Direba, ni ce nake kwashe abincin. Ba laifinka ba ne."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Na sani, 'yata. Direba bai taɓa wanke kwano ba, da maiƙonsa yake turo shi da ƙafa. Tun ranar Talata da na gan shi yana ƙyalli na san ba hannunsa ba ne."

Na ce, "To me ya hana ka kiran asibiti?"

Ya ɗora dutsen guga a kan rigar, ya manta da shi a wurin.

"Na tsaya a ƙofar, hannuna a kan mariƙi. Sai na tuna motar nan da ta tafi da matata, tsoro ya kama ni. Na ce wa kaina, ai kwano ba komai a ciki, haka tsarin yake. Na ɗauka na wuce. Sau uku."

Ƙauri ya fara tashi, babu wanda ya motsa a cikinmu.

Ya ce, "Ke yunwa ce ta sa ki. Ni fa a ƙoshe nake."