Ranar da Athol Ya Ɗaga Murfin Injin Gimbiya

Athol Pengilly ya sayi motar ne a shekarar da gashin tumaki ya yi tsadar da ta juya wa makiyaya kai. Wasu suka gina sababbin rumfunan aski, wasu suka kai matansu ganin teku, shi kuwa ya hau jirgin ƙasa zuwa Brisbane ya dawo da jif ƙirar Ingila, koriya shar, kujerunta na fata, gabanta an yi masa ado da katako mai sheƙi. Duk yankin Windorah a-kori-kurar Japan ake hawa, farare, masu warin kare da man dizal. Athol ya ce shi ya gaji da zama kamar kowa.

Tarihin motar a bakinsa yake, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Kakanninta, in ji shi, motocin gona ne da aka ƙera bayan yaƙi, su suka yi ta hawan duwatsu lokacin da ake gina manyan madatsun ruwa a kudu. Daga baya masu ƙera su suka lura attajiran Ingila na son zagaya gandayensu ba tare da taɓo ya taɓa musu wando ba, sai suka fitar da wannan. "Jinin sarauta ce," haka yakan ce yana shafa ta. Ranar da ya kawo ta, saura kilomita arba'in ya iso gida ta mutu murus. Matarsa Glenys ce ta raɗa mata suna Gimbiya, don ba ta fita sai ta ga dama.

A faɗi gaskiya, ranar da ta tashi da ƙafar dama babu kamarta. Na ga ta haye tudun yashin da motocin Japan uku suka kafe a gindinsa, Athol na ciki yana shan shayi ko ɗigo bai zuba ba. Amma gilasanta kan sauka da kansu idan aka fara ruwa. A jana'izar tsohon ɗan sandan garin hon ɗinta ya kama kuka babu kowa a ciki, sai da aka cire kan batir. A ƙofar mashaya akwai wani baƙin tabon mai a ƙasa, ba wanda ke ajiye mota a kansa, don kowa ya san wurin Athol ne.

A wajenmu ba a wuce motar da aka ɗaga murfin injinta, ko ta maƙiyinka ce. Wanda ya ja ka kuma, kwalin giya ne tukuicinsa. Babu namijin da ke tsakanin Jundah da Windorah da bai sha giyar Athol ba.

Sai dai wadda ta fi kowa jan Gimbiya mace ce. Noelene Dargusch ke kai wasiƙu da kayan cefane gidajen kiwo, Talata da Juma'a, a babbar motarta mai buɗaɗɗen baya. Gajeriya ce, muryarta kamar ta mai kiran shanu, ba ta taɓa aure ba, kuma ba ta shan giya. Karon farko da ta ja shi ya rasa abin da zai ba ta, sai Glenys ta ce ta zauna a ci abinci. Haka abin ya zauna. Bayan Glenys ta rasu, Athol ya koyi gasa cinyar rago da dankali da kabewa don kada tukuicin ya yanke. Shekara goma sha tara ana haka. Noelene za ta ɗaura igiya tana zaginsa, ta ja shi har ƙofar gida, ta ci, ta kushe miyar, ta ƙara, ta tafi. Athol yana son ta, son da ya sa yakan rasa inda zai sa hannuwansa idan tana wanke nata a kicin ɗinsa. Bai taɓa faɗa ba. Yana ganin ai Gimbiya za ta sake mutuwa, akwai lokaci.

'Yarsa Bronwyn ce ta ɓata komai, kuma da kyakkyawar niyya. Ma'aikaciyar jinya ce a Toowoomba. Da ta ji uban nata ya yini a rana a hanyar rijiya mai nisa, ba ruwa sai na lagireto, ta zo ta tsaya masa a ka.

"Baba, shekarunka sittin da takwas. Ko dai a sayar da wannan akwalar, ko a canja mata inji. Zaɓi ɗaya."

"Ba a sayar da Gimbiya."

"To shi ke nan, ka zaɓa."

Aka ɗora Gimbiya a tirela zuwa Longreach. Wani bakanike ya cire zuciyarta ta Ingila ya sa mata injin Japan, ya zare wayoyinta kaf ya sa sababbi. Ta dawo tana tashi da murɗa makulli ɗaya. Wata ɗaya, wata uku, wata takwas, ko tari ba ta yi ba. Bronwyn ta samu barci. Athol kuwa ya rame. Idan suka haɗu da Noelene a hanya, sai ta ɗaga yatsa ɗaya daga kan sitiyari kamar yadda ake yi wa kowa, shi ma ya ɗaga, su wuce. Akwatin wasiƙunsa na bakin titi ne, kilomita sha biyu daga gidan, ba ta da dalilin shigowa. Ya gasa cinyar rago sau biyu, shi da kare suka cinye.

A kantin garin ya ji labarin. Noelene ta ajiye aiki, Juma'ar nan ce fitarta ta ƙarshe, ranar Litinin za ta koma wurin ƙanwarta a Yeppoon, bakin teku. Athol ya fito daga kantin ya bar sukarin da ya saya a kan kanta.

Mutum mai hankali zai ɗauki waya. Ranar Juma'a da safe Athol ya sa rago a tanda, ya rage wuta, ya aske gemu, ya sa farar rigarsa ta zuwa coci, ya tuƙa Gimbiya zuwa bakin titi tun ƙarfe tara, ya ɗaga murfin inji, ya jingina yana jira. Noelene kan wuce wurin da sha biyu. Ya ji dabarar ta yi masa daɗi har yana fito.

Tara da rabi sai ga Merv Tanzer, maƙwabcinsa, ya taka birki har ƙura ta rufe su.

"Kai! Idona ne ko kuwa? Gimbiya ta tuna da mu?"

"Ba wani abu ba ne, Merv, wuce abinka."

"In wuce? Ni? Kunna mu ji, tsoho."

Athol ya sha jinin jikinsa. Ya murɗa makulli, inji ya tashi sumul. Dole ya yi ƙarya. "Tashi kam tana tashi. Wani ɗan sauti take yi daga ƙasa, ƙis-ƙis-ƙis. Ba ka ji ba?"

Merv ya karkata kai, ya runtse ido ɗaya. "Na ji shi sarai. Famfon mai ne." Kafin Athol ya buɗe baki ya ruga motarsa ya fizgi oba-oba, wadda kowace mota da kowane kicin a yankin ke saurare. "Jama'a, albishirinku! Gimbiya ta koma halinta! Bakin akwatin wasiƙun Pengilly, mai sifana ya taho da ita!"

Ashe ba Athol kaɗai ya yi kewa ba. Wata takwas mazan yankin ba su da abin yi wa dariya. Kafin sha ɗaya motoci bakwai sun jeru a gefen titi. 'Yan'uwan nan biyu masu haƙar rijiya suka zo da akwatin kayan aiki. Fasto ya zo da kujerun ninkewa. Wani direban tirelar shanu da ba wanda ya san shi ya tsaya, ya ce shi daga cikin motarsa ma ya jiyo sautin, kuma daga taya yake fitowa. Kowa ya ji ƙis-ƙis ɗin, kowa a wuri daban, don ba wanda zai yarda a ce shi kaɗai kunnensa ya mutu. Aka shimfiɗa buhu a ƙasa aka fara jera sassan Gimbiya a kai. Wani ya hura wuta ya ɗora nama.

"Ku bar ta haka! Na ji kamar ya daina!" Athol na zagaya su yana yarfe hannu.

Merv ya ce, "Zauna ka huta, mai gida, ka ɓata farar rigarka. Wai ina za ka ma da wannan kwalliya?"

"Banki."

"Ta wannan hanyar? Bankin tumaki?"

Sha ɗaya da rabi aka mayar da abin da aka iya mayarwa, aka ce ya kunna. Ya murɗa. Tsit. Ya sake murɗawa, ko ƙyas. Maza tara suka yi sowa kamar dokinsu ya ci tsere, Merv har da jefa hula sama. A kan buhu kusoshi huɗu da wani ɗan tiyo sun rage, ba wanda ya san inda suka fito.

Sha biyu saura kaɗan ƙurar motar Noelene ta bayyana. Athol ya gyara wuyan riga. Ta rage gudu, ta miƙa hannu ta taga ta jefa wasiƙunsa a akwati, ta dubi motoci takwas da maza tara da hayaƙin nama. Me mai igiya ɗaya za ta ƙara a nan? Ta ɗaga yatsa daga kan sitiyari, ta taka totur.

Athol ya bi ta da gudu. Gudun ɗan shekara sittin da takwas ne a takalmin coci, bai kai taku talatin ba ya tsaya yana haki, ƙura ta mayar da rigarsa ja. Tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba ranar da ya yini a rana babu ruwa. Ya juyo, ya ture fasto gefe, ya faɗa motar Merv ya ɗauki oba-oba.

"Noelene. Noelene, Athol ne."

Sai ƙarar iska, sannan muryarta. "Ina jin ka. Kana da mataimaka har sun yi maka yawa."

"Motar lafiyarta ƙalau."

"Me ka ce?"

"Na ce lafiyarta ƙalau! Wato da safe lafiyarta ƙalau, kafin waɗannan 'yan banzan su taɓa ta. Babu wani ƙis-ƙis. Ni na ƙirƙira."

Direban tirela ya ajiye naman da ke hannunsa. "Ni fa na ji shi," ya ce a hankali. Ba wanda ya kula shi.

"Athol, ka san duk yankin nan na jin ka?" in ji Noelene.

"Na sani. Akwai rago a tanda tun safe. Ke na fito jira. Ban san yadda ake gayyatar mace cin abinci ba in ba ta ja ni ba, ban taɓa koya ba. Kada ki tafi Yeppoon. In kin tafi ban san abin da zan yi da Talata da Juma'a ba. Da sauran ranakun ma."

Daga wani kicin mai nisa wata mata ta danna tata oba-oban ta ce, "Noelene, don Allah ki amsa masa, madarata na ƙonewa."

"Saura gida uku in gama," in ji Noelene. "Duk wanda ya ɗaura wa motar nan igiya kafin in dawo, sai na zuba wasiƙunsa a rafi."

Ba wanda ya tafi gida. Ƙarfe biyu ta dawo, ta ja da baya ta tsaya a gaban Gimbiya, ta sauko da igiyarta ba ta kalli kowa ba. Maza tara suka ja gefe suna nazarin takalmansu. Ta durƙusa ta ɗaura, ta ja ta ji ya kamu, sannan ta miƙe ta kakkaɓe gwiwa ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Dube ka, kamar an tono ka. Ragon nan ya zama gawayi yanzu."

"Na rage wuta."

"Wawan tsoho." Ta matso, ta sassauta murya, abin da ba a taɓa jin ta yi ba. "Ka san rabin ranakun da na ja ka, da sukundireba kaɗai zan tayar da ita a wurin? Ubana bakanike ne, a gareji na girma. Minti biyar ya ishe ni."

Athol ya ce, "To me ya sa..."

"Shekara sha tara ina cin miyar da ba gishiri, kana tambayata me ya sa? Shiga ka riƙe sitiyari. Kuma kada ka taka mini birki a gangara, yau ba na son in isa a makare."