Uban da Ya Zo Ban Haƙuri

Shekarar da ɗalibai suka gano cewa waya tana iya rubuta musu aikin makaranta, ni aka ɗora wa koya wa malaman sashenmu yadda za su yi da wannan ƙirƙirarriyar basira. Ba wai na fi kowa sani ba ne. Ni ce ƙarama a cikinsu, ni ce kuma ake kira in firinta ta ƙi aiki, to a wurinsu ai na gama zama injiniya.

Na yi shiri kamar mai zuwa wa'azi. Na ce musu abin nan ya zo ke nan. Mu daina ba da tambayar da na'ura za ta amsa kafin mutum ya gyara zama. Mu tura yara kasuwa da gona su tambayi mutane da bakinsu, in sun kawo rubutu mu zaunar da su su yi mana bayaninsa. Ina magana wani dakta yana gyangyaɗi, wani yana leƙen ƙofa ko shinkafa ta iso. Mutanen da har yau suke karanta wa yara takardun da suka rubuta tun ina firamare, wai su zan ce su canza salo. Tambaya ɗaya tak suka yi mini: yaya za a kama ɓarawo?

Na ce babu na'urar da za ta tabbatar da wannan. Oga, wato shugaban sashen, ya yi mini murmushin da ake yi wa yarinya in ta yi shirme. Washegari sai ga shi da tasa dabarar. Zai zuba wa manhajar aikin ɗalibi, ya tambaye ta ko ita ta rubuta. In ta ce e, shi ke nan, an kama. Na ce ranka ya daɗe, abin nan ba ya riƙe abin da ya rubuta wa wani, amsa kawai yake haɗawa. Ya ce ai na'ura ba ta da ƙabila, ba ta zuwa coci ba ta zuwa masallaci, me zai sa ta yi wa yaro ƙarya? Duk ɗakin aka gyaɗa kai. Masu digiri uku-uku fa.

Haka aka bi furojet ɗin 'yan ajin ƙarshe ɗaya bayan ɗaya. Sai Oga ya fito da abin da ya kira rahama. Wanda ya amsa laifi, ya kawo babba ya ba da haƙuri, za a ba shi maki ya wuce. Wanda ya musa zai jira kwamitin ladabtarwa, kwamitin da ba wanda ya san ranar zamansa, kuma abokansa za su tafi bautar ƙasa su bar shi.

Barandarmu ta koma kamar tashar mota. Fastoci da farar kwala, kawunnai daga Kagoro, wani alhaji ɗan kasuwa daga Zangon Kataf da ya zo saboda ɗan ƙanwarsa. Wasu yaran kam sun kwafa, na san su. Akwai wanda ya bar har gaisuwar da na'urar ta yi masa a shafin farko. Suka ba da haƙuri, suka wuce suna dariya. Oga kuwa sai ƙiba yake yi. Tun da aka haife shi ba a taɓa durƙusa masa haka ba.

Yarinya ɗaya, ita ma manhajar ta ce ita ta rubuta mata, ta ƙi amsa laifi. 'Yar wajen Gwantu ce, kuma ni na duba aikinta, a kan matan da ke shanya citta a Kafanchan. Na ga yadda take dawowa daga wurinsu a kan acaɓa, kayanta duk ƙanshin citta, muryoyin matan cike da wayarta. Na kai wa Oga wayar na ce ya saurara. Ko taɓa ta bai yi ba. Ya ce in ya saki wannan, me zai gaya wa fastocin da suka riga suka durƙusa? Na ɗauki wayar na fita. Yarinyar kuma ta ce za ta jira kwamitin, ko shekara nawa ne.

Ba ta aika gida ba, amma labari ya kai. Ranar Litinin sai ga mahaifinta, tsohon hedimasta, dattijon ikilisiya, ya sauko daga bas yana jan ƙafa ɗaya. Ya ja ta ƙarƙashin bishiyar mangwaro ya tambaye ta da yarensu ko ta yi. Ban ji yaren ba, amma na ga ta amsa ba ta sunkuyar da kai ba, na ga shi ya gyaɗa nasa. Sannan ya zo wurina.

"Malama, na san ba ta yi ba," ya ce. "Amma ni na yi aikin gwamnati. Na san abin da ake nufi da jiran kwamiti."

Na ce Baba, don Allah kada ka shiga ofishin Oga. Ya gode mini, ya cire hula, ya shiga. Ni da yarinyar muka bi shi.

Ya dafa teburi, ya sauke gwiwar nan mai ciwo a hankali har siminti. Ya ce yarinya ce, ta yi kuskure, a yi mata gafara saboda Allah. Oga ya bar shi a ƙasa, ya ce ba daga bakin uba yake son ji ba, mai laifin ce za ta faɗa. Ta kalli Oga, ta kalle ni, sannan ta kalli tsohon, yana durƙushe a gefen teburin.

"Na yi," ta ce.

Oga ya jingina da kujera, ya yi mata doguwar nasiha a kan gaskiya, har da ayar Littafi Mai Tsarki. Sai da ya gama tukuna ya ce Baba ya tashi. Baba ya yunƙura, gwiwar ta ƙi. Ita ta sa hannu a hammatarsa ta ɗaga shi, ta ɗauko hularsa ta miƙa masa, suka fita ba wanda ya kalli wani.