Lasifikar da Ba Ta da Gaba

"Malam Danjuma, ina gabanta?" Babanmu ne ke tambaya, yana jujjuya wata lasifika mai kama da turmi.

Jiya na ga irinta a shago, abin ya dawo mini. Wajen 1985 ne, a gidanmu na Minna. Baba ya bar aikin reluwe, ba abin da yake so kamar faifansa. Lasifikunsa biyu masu akwati kujerarsa kaɗai suke fuskanta. In kana gefe, sai dai ka ji gunji.

Malam Danjuma, maƙwabcinmu mai gyaran rediyo, shi ya haɗa sabuwar da hannunsa. Ya ce, "Alhaji, wannan ba gaba ba baya. Tsakiyar falo ake ajiye ta, kowa ya ji daidai."

Aka sa faifai. Baba ya taɓe baki. "Akwatina ya fi fito da murya."

Malam Danjuma ya ce, "Ya fi, ga mutum ɗaya."

Sai Inna, daga bakin ƙofa inda take tsintar shinkafa, ta ce, "Ashe akwai goge a waƙar nan? Shekara goma ban taɓa jin sa ba."

Washegari akwatunan suka koma ƙarƙashin gado.

Ku fa, a gidanku wa aka bari a bakin ƙofa?