Almakashin Goggo Siu-fong

Tun zuwanta birnin Vancouver, Goggo Siu-fong ke koya wa yara yanka jar takardar ado a gidan tarihi duk bikin sabuwar shekara ta gargajiyarsu. Bana taron koyarwar ya faɗo ranar farko ta shekara, ranar da ba a taɓa almakashi don kada a datse arziki. Iyaye suka kwashe yaransu zuwa teburin ƙanwarta Wai-ling, mai zanen furanni.

"Furen nan kamar kaza ta taka tawada," in ji Goggo a ranta.

Wai-ling ta leƙo. "Yaya, riƙe min tawada mana, tunda kina hutawa."

Baƙar magana ma ba a yin ta ranar. Goggo ta yi mata fatan tsawon rai, ta ajiye sauran sai gobe.